Yaron da ke Yawan Murza Ido: Awon da Ya Kamata Ki Sani, Uwargida



A Islamiyyar da nake koyarwa a nan Malam Madori akwai wata yarinya 'yar shekara 12 da ta daɗe tana ba ni mamaki. In aka biya mata karatu da ka, nan take za ta ɗauke, a wajen hadda kuwa duk ajin babu kamarta. Amma da zarar na ce ta buɗe Alƙur'ani ta karanta da kanta, sai ta shiga kame-kame, ta kira nunun ta'un, ta kira ba'un ya'un. Ba zan ɓoye miki ba, na sha yi mata faɗa, domin na ɗauka wasa ne ya yi mata yawa, a gida ma har bulala ta sha a kan haka. Wata rana na zaunar da ita kusa da ni, na ɗora yatsa a kan nunun, na ce, “Ɗigo nawa kike gani?” Ta ƙanƙance ido, ta karkata kai, sannan ta ce, “Malama, biyu ne, amma ɗayan kamar inuwa yake.” A nan jikina ya yi sanyi.

Da na dube ta da kyau, sai na ga farin idonta ya rine ya koma ruwan ƙasa, kuma ba ta minti biyar ba ta sa gefen hijabi ta murza shi ba. Mahaifiyarta ta ce tun tana ƙarama haka take, duk hunturu da bazara sai ƙaiƙayin ya tashi, su kuma su sayo maganin ɗigawa a kemis. Na roƙe ta suka kai ta asibiti a Hadejia, daga can aka tura su Kano, inda aka yi mata wani awo da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba, wato awon lanƙwasar tantanin gaban ido.

Mene ne ake aunawa?

Ki dubi idon ɗanki ta gefe, za ki ga wani tantani garai-garai ya rufe baƙin idon, ya ɗan yi tudu kamar gilashin agogon hannu. Likitoci suna kiran sa koniya. Faɗinsa bai wuce milimita 12 ba, kaurinsa kusan rabin milimita, kuma babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. Duk hasken da zai shiga ido ta nan yake fara ratsawa, kuma lanƙwasar tantanin ce ke tattara hasken domin hoton abin da muke kallo ya fito sosai a can cikin ido. Wajen kashi biyu cikin uku na wannan aiki tantanin ne ke yin sa, saura kuma wani ɗan madubi ne da Allah ya ajiye a bayan baƙin ido yake ƙarasawa.

In lanƙwasar ta daidaita ta kowane gefe kamar bayan ƙwarya, gani yakan fito tas. In kuwa ta fi yawa ta gefe ɗaya, kamar jikin ƙwai, sai hasken ya rabu, ɗigo ɗaya ya yi jela ko ya yi inuwa, rubutu ya dusashe ko na kusa ko na nesa. Wannan shi ake kira astigimatizim, mutane da yawa da shi ake haifarsu, kuma tabarau yana gyara shi.

Yadda ake awon

Kada ki ji tsoro, babu allura, babu zafi, babu abin da zai taɓa idon. Na'urar sunanta keratomita. Za a ce yaro ya ɗora haɓa a kan wani ɗan matashi, ya jingina goshi, ya tsayar da idonsa a kan wani haske. Na'urar tana haska zobe a kan tantanin, sannan ta auna girman hoton zoben da ya dawo. Ki gwada a kicin: ki dubi fuskarki a bayan faranti na silba, sannan ki dube ta a bayan cokalin shayi. A cokalin fuskar za ta fi ƙanƙancewa, saboda ya fi lanƙwasa. To haka na'urar take gane lanƙwasar ido, ƙanƙantar zobe na nufin lanƙwasa ta yi yawa. Cikin 'yan mintoci an gama. In ke ce za a auna kuma kina sanye da niƙabi, dole sai an ɗage shi, saboda haka babu laifi ki nemi ma'aikaciya mace in akwai, ko ki shiga tare da maigida.

Ilimin ba na jiya ba ne. Malaminmu Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya kuma rayu a Alƙahira, shi ne ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir, shekaru dubu da suka wuce, cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo. Bajamushe Helmholtz ya ƙera na'urar awon a shekarun 1850, sannan a 1881 Javal na Faransa da Schiotz na Nowe suka sauƙaƙa ta har likitoci suka riƙa amfani da ita a ɗakin duba marasa lafiya. Yau akwai masu aiki da kwamfuta, har da waɗanda ke zana taswirar tantanin baki ɗaya.

A takardar sakamako za ki ga lambobi biyu ga kowane ido, K1 da K2. A yawancin mutane suna faɗawa kusa da 43 zuwa 44. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce yawan astigimatizim. In lamba ta haura 47, likita yakan so ya ƙara bincike. Ki adana takardar nan kamar yadda kike adana katin awon ciki, domin da ita za a gane nan gaba ko idon yana canzawa.

Ƙaiƙayi da murzar ido

Ga inda nake so ki saurare ni da kyau. Mu nan yankin Hadejia ba mu rabuwa da ƙura: hazon hunturu, ƙaiƙayin shinkafa da alkama lokacin casa a fadama, ga hayaƙin murhu. Yara da yawa, musamman maza, suna fama da wani ƙaiƙayin ido mai dawowa shekara-shekara, wanda ke rina farin ido ya kuma fitar da kwantsa mai yauƙi. Sau da yawa yakan lafa da kansa bayan balaga. Abin tsoron shi ne murzar da yaro ke yi wa idon shekara da shekaru, domin tana cikin abubuwan da ke raunana tantanin, ya yi siriri, ya turo gaba ya yi tsini kamar jinkar ɗaki. Wannan cuta ita ce keratokonas. Takan fara ne wajen shekarun balaga, ta yi ta ƙaruwa a hankali, a canza tabarau bana, baɗi ya daina aiki. Ƙaiƙayi zai tafi, amma tsinin ba ya komawa.

In an gano da wuri akwai abin yi. A 2003 likitoci a birnin Dresden na Jamus suka bayyana wata hanya ta ƙarfafa tantanin, inda ake ɗiga masa sinadarin bitamin B2 sannan a haska shi da wani haske na musamman. Aikin yana tsayar da cutar a inda take, bai cika dawo da abin da ya riga ya lalace ba. In aka makara, sai dai gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, ko ma dashen tantani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sannan ki yi hattara da maganin ɗigawa na kemis. Wasu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke kashe ƙaiƙayi nan take, amma in aka daɗe ana ɗigawa ba tare da kulawar likita ba yana iya jawo hawan jinin ido da yana. Haka nan nonon uwa, ruwan albasa ko ruwan ganye, babu wanda ya halatta ki zuba a idon yaro. In ƙaiƙayi ya taso, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi, ya rufe ido ki ɗora masa.

Tsofaffinmu da yanar ido

Awon nan ya shafi inna da surukarki ma. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan. Yana ita ce dusashewar wancan ɗan madubi na bayan baƙin ido. A asibiti ana cire shi ne a sa na roba a madadinsa, aikin da likita Harold Ridley ya fara a Landan a 1949. To shi na robar ƙarfi-ƙarfi ne, kuma ba a sanin wanda ya dace da mutum sai an auna abu biyu: lanƙwasar tantanin gaba, da tsawon ƙwayar ido daga gaba zuwa baya. In ba a auna ba, aiki zai iya yin kyau amma gani ya kasa fitowa sosai sai da tabarau mai ƙarfi. Saboda haka in za a yi wa tsohuwa aiki, ko a asibiti ko a wajen aikin ido na kyauta, ku tambaya cikin ladabi ko an yi mata wannan awo.

Masu bin ƙauyuka suna tura yana da allura kuwa, su ba sa auna komai, ba sa kuma sa komai a madadin madubin, tura shi kawai suke yi ya faɗa cikin ido. Binciken da na ambata ya samu cewa kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka taɓa su, kuma da yawa ba su ƙare da gani mai kyau ba.

Abin da ya rage gare ki

Ki lura da yaronki. In yana ƙanƙance ido ko karkata kai wajen karatu, yana manna littafi a fuska, yana gudun hasken rana, yana yawan murza ido, ko an canza masa tabarau sau biyu cikin ɗan lokaci, ki shawarci maigida a kai shi a duba. Ku fara da babban asibitin Hadejia ko wanda ya fi kusa da ku, in da buƙata za a tura ku gaba. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA, da Asibitin Ido na Makka, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. In an samu keratokonas a yaro ɗaya, a duba 'yan'uwansa, domin takan bi dangi.

Ita ɗalibata an samu lambobinta sun ɗan haura. An ba ta tabarau da maganin ƙaiƙayi, an hana ta murza ido, an ce ta dawo bayan wata shida a sake awo a gwada da na farko. Ranar da ta shigo aji da tabarau ta karanta shafi guda ba ta yi tuntuɓe ba, na kira ta gefe na nemi ta yafe mini faɗan da na yi ta yi mata. Tun daga ranar, duk yaron da ya rikita ɗigo a gabana, sai na fara tambayarsa abin da yake gani kafin na ɗaga murya.

Idanun 'ya'yanmu amana ce a hannunmu. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, ya ƙara mana lafiya da zuri'armu, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.