Buldog A Zafin Samaru: Karen Da Aka Rage Wa Hanci

A ƙarshen watan Maris, in azahar ta yi a Samaru, karen gida ya san abin yi. Gindin darbejiya zai nema, ya tona ƙasa har ya taɓo sanyi, ya kwanta ya zaro harshe yana haki. Hakin nan shi ne fankarsa. Kare ba ya gumi irin na mutum, sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafa. Iskar da ke kai da komo ta dogon hancinsa da bakinsa ita ke kwashe masa zafin jiki.

Buldog kuwa an rage masa wannan hancin, kuma mutane ne suka rage shi da hannunsu.

Asalinsa karen Ingila ne, wanda ake saki kan ɗaurarren bijimi jama'a na kallo suna caca. A 1835 doka ta hana wannan wasa, sai masu kiwo suka koma neman siffa: ƙaton kai, faffaɗan ƙirji, fuska a dame kamar an danna ta da bango. Duk zuriyar da ta fi gajeren hanci ita ake zaɓa a yi barbara da ita. Ƙashin fuska ya yi ta gajarta, amma naman da ke ciki bai ragu ba. Ganɗa ta yi tsawo tana toshe maƙogwaro, ƙofofin hanci suka tsuke kamar an tsaga su da reza. Wanda ya taɓa zama kusa da buldog ya san sautin: gurnani yana tafe, minshari ido biyu, wani lokaci ma ya yi barci a zaune, ya ɗora haɓa kan wani abu don iska ta samu hanya. Masu shi sukan ce ai haka irinsu suke. Likitocin dabbobi kuwa ciwo suke kiran wannan, kuma gaskiyarsu ne.

Alƙaluma ma sun nuna haka. Wani bincike na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan a 2022 ya gano cewa matsakaicin tsawon ran buldog ɗin Ingila bai wuce shekara 7.4 ba, alhali na ɗan ƙaramin karen nan Jack Russell ya kai 12.7. Wani binciken na 2010 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar buldog sai da tiyata, domin kan ɗan kwikwiyo ya fi ƙarfin ƙugun uwa. Ga ninkin fatar fuska da ke tara danshi har ya yi gyambo, ga ido a waje da ƙurar hunturu ba ta raga wa.

Duk da haka kasuwa sai ci take. A 2022 buldog ɗin Faransa ya zama karen da aka fi rajista a Amurka, ya ture Labrador da ya shekara 31 a sama. Holan ta fara aiki da ƙa'ida a 2019 cewa ba a barbara da karen da hancinsa bai kai sulusin tsawon kansa ba, a Norwe kuwa har kotu maganar ta kai.

Wannan duka a ƙasashen sanyi ne. Yanzu a kawo buldog Zariya, inda bazara ke kusantar digiri 40, wuta kuma ta ɗauke da tsakar rana ta bar na'urar sanyaya ɗaki shiru. Karen da tafiyar minti goma ke galabaitarwa a Landan, a nan yana iya mutuwa a ɗaure a tsakar gida, ko a cikin mota tsakanin Kwangila da kasuwar Sabon Gari.

Matashin da ya ga hotonsa a Instagram ya ji ya shiga ransa, gara ya dakata da tura kuɗi. Ya je da ƙafarsa ya ga uwar, ya saurari numfashinta bayan ta ɗan zagaya, ya duba ko ƙofofin hancinta a buɗe suke, ya tambaya sau nawa aka yi mata tiyatar haihuwa. Mai kiwon da ya ɓoye uwa ya ce a haɗu a bakin titi, akwai abin da yake rufewa. Katin rigakafi ma a karanta shi, musamman allurar ciwon haukan kare da ta fabo, cutar nan mai sa 'yan kwikwiyo amai da zawon jini. Mutanen Samaru ba su da uzuri a nan, tunda Asibitin Koyarwa na Likitancin Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin unguwarsu. Kuɗin duba kare kafin saye bai kama ƙafar kuɗin tiyatar buɗe hanci ba. In kuma gadi ake nema, karen gida ya fi shi juriya nesa ba kusa ba.

Saura waɗanda aka riga aka haifa. Da ɗawainiya ta yi yawa, wasu sukan jefa kare bayan gida su manta da shi, ko su miƙa wa wanda bai san lalurarsa ba. Wanda ya karɓi irin wannan ya yi aikin lada, amma ya san abin da ya ɗauko: fita sai da asuba ko bayan magariba, ɗamarar ƙirji maimakon igiya a wuya, rage ƙiba, goge ninkin fata kullum a busar, cire kaska, sannan a yi masa aikin hana haihuwa don kada lalurar ta bi zuriya. Ranar da aka ga hakinsa ya ƙi tsayawa, harshe ya fara baƙi-baƙi, ƙafafu na rawa, ba a jiran komai. A ja shi inuwa, a kwarara masa ruwan randa a jiki, a yi masa fifita, sannan a nufi asibiti da tagogin mota a buɗe.