Maƙerin da Ya Rufe Majami'ar Fulorens

A shekarar 1418 mutanen birnin Fulorens na ƙasar Italiya suna da babbar majami'a da babu kamarta a yankinsu, amma tsakiyarta a buɗe take, ruwan sama na zuba a ciki. Tun 1296 aka aza harsashinta bisa zanen Arnolfo di Cambio. A 1367 dattawan gari suka amince da wani samfuri mai ƙubba mai kusurwa takwas, suka kuma sa magina suka yi rantsuwa cewa ba za a kauce masa ba. Wannan kuwa ɗaukar Dala ba gammo ne, domin faɗin bakin da za a rufe ya kai kimanin mita 45, ga shi ƙubbar za ta fara ne daga tsayin da ya haura mita 50. A ranar da suka yi wannan rantsuwa babu mai rai da ya san yadda za a gina ta. Sun dai bar wa jikokinsu aikin.

Matsalar a fili take ga duk wanda ya taɓa kallon magini yana ɗaura bakan gizo. A Turai ta wancan zamani sai an kafa ƙwarangwal na katako, a jera duwatsu a kansa, a jira ginin ya kama kansa, sannan a zare katakon. To ina za a samo itacen da zai tashi daga ƙasa ya tallafi rufi irin wannan? Ko an samu, kuɗinsa kaɗai ya isa ya karya baitulmali. Ƙungiyar 'yan kasuwar ulu, wadda ita ce ke riƙe da ragamar ginin, ta sa gasa, ta ajiye ladan tsabar zinariya 200 ga wanda ya kawo mafita.

Wanda ya kawo ta ba magini ba ne. Filippo Brunelleschi, haifaffen 1377, ɗan marubucin takardun shari'a ne, ƙirar zinariya ya koya, yana kuma harhaɗa agogo. Ya taɓa shan kaye a bainar jama'a. A 1401 an yi gasar ƙera ƙofofin tagulla na ɗakin baftisma da ke fuskantar majami'ar, aka ce kowa ya siffanta ƙissar Annabi Ibrahim da ɗansa a kan faranti guda. Aikin ya faɗa hannun wani saurayi, Lorenzo Ghiberti, wanda farantinsa ya fi laushin gani, kuma bai ci tagulla da yawa ba. Farantan biyu suna nan har yau a gidan tarihi na Bargello, kowa na iya zuwa ya yanke nasa hukuncin. Ni dai na Brunelleschi ya fi girgiza ni, saboda yadda mala'ika ya cafke hannun mai wuƙa, amma na fahimci dalilin alƙalan.

Masu ba da tarihinsa sun ce bayan wannan ne ya tafi Roma tare da abokinsa Donatello, suna auna kufayen Rumawan dā, suna tone-tone, har mutanen gari suka ɗauka masu neman dukiyar da aka binne ne. A can akwai Pantheon, ginin da ƙubbarsa mai faɗin mita 43 ta tsaya tun ƙarni na 2. Wannan komawa ga ayyukan magabata don a auna su a koyi darasi shi ne ruhin zamanin da Turawa ke kira Renesans, wato Farfaɗowa.

Brunelleschi mutum ne mai zurfin ciki. Ya ce zai gina ƙubbar ba tare da ƙwarangwal ba, amma ya ƙi bayyana yadda, don kada a sace masa dabara. Giorgio Vasari, wanda ya fitar da littafin tarihin masu fasahar Italiya a 1550, ya kawo labarin cewa ya ƙalubalanci abokan gasarsa su tsayar da ƙwai a kan dutse, duk suka kasa, shi kuwa ya ɗan fasa gindinsa ya tsayar. Vasari yana son ƙawata zance, saboda haka a ɗauki wannan a matsayin hira. Abin da takardu suka tabbatar shi ne an ba shi aikin a 1420, amma aka haɗa shi da Ghiberti, tsohon abokin hamayyarsa, a kan albashi ɗaya. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ana cewa wata rana ya kwanta ciwon ƙarya daidai lokacin da ake bukatar wani muhimmin mataki, ya ce a je a tambayi Ghiberti. Daga baya dai ragama ta koma hannunsa shi kaɗai.

Dabarar tasa ga ta. Ƙubba biyu ya gina, ɗaya cikin ɗaya, ta ciki mai kauri, ta waje mai sauƙi tana kare ta daga ruwa, da sarari a tsakaninsu inda matakala take. Don kada nauyi ya tura bango waje, ya ɗaure ginin da zobba na dutse da aka haɗa da ƙarfe, da kuma ɗaya na katako, kamar yadda ake ɗaure ganga. Sai jeren bulo. Duk bayan 'yan bulo da aka kwantar, sai a tsayar da ɗaya a tsaye, tsayayyun nan suna hawa a karkace kamar ƙashin kifi. Su ne ke riƙe sabon layi kada ya zame ciki kafin ya bushe. Ta haka kowane zagaye yake tallafar kansa, na gaba ya hau kansa. Bulo sama da miliyan 4 suka shiga aikin.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai raina ƙananan al'amura ba. Ya ƙera injin ɗaga kaya da shanu ke juyawa, mai haƙoran da ake sauyawa, ta yadda kaya za su hau ko su sauka ba tare da an kwance dabba an juya ta ba. Ya sa leburori suna cin abinci a can sama don kada rana ta ƙare a hawa da sauka. Ba kullum yake dacewa ba. A 1421 hukuma ta ba shi takardar haƙƙin ƙirƙira ta shekara uku a kan wani jirgin ruwan dakon dutse, amma haƙarsa ba ta cimma ruwa ba: jirgin ya gaza a kogin Arno, farin dutsen da ya ɗauko ya salwanta, asarar ta hau kansa. A 1434 kuma ƙungiyar magina ta sa aka kulle shi kwanaki kaɗan wai bai biya kuɗin ƙungiya ba.

A 1436, shekara 16 da farawa, aka rufe ƙubbar, Fafaroma Eugene na 4 ya keɓe majami'ar. Brunelleschi ya rasu a 1446, ana shirin ɗora 'yar hasumiyar da ya zana a ƙololuwa. Ƙwallon tagullar da aka fara ɗorawa can sama, a tsayin kusan mita 114, daga maƙerar Andrea del Verrocchio ta fito a 1471, kuma cikin yaran maƙerar akwai wani mai suna Leonardo da Vinci, wanda ya zana injunan Brunelleschi a littattafansa. Shi kuwa mai injunan bai bar zane ko bayanin ginin ba, shi ya sa injiniyoyi ke ta gardama har yau kan yadda ya daidaita lanƙwasar. An binne shi a cikin majami'ar, aka mance wurin, sai a 1972 masu tono suka ci karo da kabarin. Mai son ganin jeren ƙashin kifin da idonsa sai ya shirya hawa matakala 463, waɗanda wasunsu ke tsakanin ƙubbobin biyu.