Treve: Goɗiyar Da Aka Raina A Gwanjo

A nan Madawa, Buza da Keita, in ana zancen sukuwa ranar hawan salla, ingarma ake nufi. Goɗiya sai dai a bar ta gida ta haihu. To, ƴan kasuwa maza da mata, yau ga labarin wata goɗiyar Faransa mai suna Treve, wadda ta bar ingarmu a baya.

An haife ta a 2010 a gidan kiwon Quesnay na iyalan Head, a yankin Normandi. A 2011 aka kai ta gwanjo. Masu saye suka duba, suka yi tayin raini, har mai ita, tsoho Alec Head, ya ce albarka, ya mai da abarsa gida a kan Yuro 22,000, wato kusan sefa miliyan 14 da rabi. A wurinmu dukiya ce, amma a waccan kasuwa kuɗin cefane ne. Duk mai sayar da albasa ta san irin wannan rana: kaya na da kyau, dillalai na taɓe baki.

Ya danƙa ta ga ƴarsa Criquette Head-Maarek, mai horar da dawaki a Shantiyi. A Yunin 2013 Treve ta lashe gasar Prix de Diane, sai Shehu Joaan Al Thani na Katar ya saye ta. Jaridu sun ruwaito Yuro miliyan 8, fiye da sefa biliyan 5. Ko ya masu tayin farko suka kwana?

Ran 6 ga Oktoban 2013 ta shiga babbar gasar Arc de Triomphe a Paris, mita 2,400, Thierry Jarnet bisa kanta. Ta ba Orfevre, zakaran Japan, ratar tsawon doki biyar. Gaskiya an rage mata kaya, kilo 54 da rabi ta ɗauka, shi kuwa 59 da rabi, don haka dokar take ga ƙananan goɗiyoyi.

Abin da ya fi burge mu shi ne 2014. Ciwon kofato da na baya suka kama ta, aka kayar da ita sau uku a jere, mutane suka ce ta ƙare. Criquette ta dage cewa ta san dabbarta, aka yi ta jinya. Ran 5 ga Oktoba Treve ta sake cin Arc, abin da ba a gani ba tun Alleged a 1977 da 1978.

A 2015 ta nemi na uku, ta zo ta huɗu bayan Golden Horn. Daga nan aka sallame ta zuwa kiwo, da nasara 9 cikin sukuwa 13.