Makin jirgi ko hidimar jirgi: wanne ya kamata ka duba kafin ka sayi tikitin doguwar tafiya?

Da zarar ka sauke manhajar Qatar Airways ko Ethiopian ko Turkish a wayarka, kafin ma ka kai ga duba farashin tikiti, abin da zai fara tare ka shi ne gayyata: yi rajista kyauta, ka soma tara maki. Matasa da yawa masu shirin tafiya karatu Malesiya ko Turkiyya, ko zuwa sari Guangzhou da Dubai, suna danna maɓallin ba tare da sun san me suka shiga ba. Wasu kuma daga ranar sai su ɗaure kansu ga kamfani ɗaya, ko da tikitinsa ya fi na maƙwabcinsa tsada nesa ba kusa ba, wai don kada makinsu ya tashi a banza.

Rajistar ba ta da aibu, ni ma shawarata a yi ta. Amma mu da muke rubuta manhajoji mun san mene ne maki: lamba ce a cikin rumbun bayanan wani kamfani. Mai rumbun shi ke yanke nawa za ka samu, me za ka iya saya da shi, da ranar da zai goge shi. Hidimar da za a yi maka cikin awa goma a sararin sama kuwa, jikinka ne zai gaya maka.

Yadda harkar take

Kamfanin American Airlines ne ya fito da shirinsa na AAdvantage a 1981, sauran suka bi sahu. Yau kowane babban kamfani yana da nasa: Ethiopian yana da ShebaMiles, Qatar yana da Privilege Club, Turkish yana da Miles&Smiles, Emirates yana da Skywards, Saudia yana da Alfursan, Air France da KLM sun haɗu a Flying Blue.

Idan kana son sanin wa ya fi cin moriyar shirin, duba abin da ya faru lokacin korona. Jirage suna ajiye, babu fasinja, kamfanonin Amurka suka shiga neman bashi. Abin da suka jinginar shi ne shirin makinsu. United ya karɓo dala biliyan 6.8 a 2020 da MileagePlus, Delta ya karɓo biliyan 9 da SkyMiles a shekarar, American ya karɓo biliyan 10 a 2021. Dalili shi ne kamfanonin suna sayar wa bankuna maki, bankunan su raba wa masu amfani da katinsu na bashi. Wato kamfanin yana buga wani irin kuɗi nasa, ya sayar, sannan shi ne mai faɗin darajarsa.

A nan ne matafiyi daga Kano ko Yamai ya bambanta da Ba'amurke. Shi yana tara maki a duk sayayyar da ya yi da katinsa, daga man mota har kayan miya. Yawancinmu hanya ɗaya muke da ita, hawa jirgin. Don haka bidiyoyin YouTube da ke nuna wani ya kewaya duniya a kujerar alfarma da maki zalla, ba lissafinmu suke yi ba.

Lissafin da manhajar ba ta yi maka

Mu ɗauki ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai tafi Guangzhou ta Adis Ababa. Daga Kano zuwa Adis kimanin mil 2,000 ne, daga can zuwa Guangzhou kimanin mil 5,000. Zuwa da dawowa wajen mil 14,000 kenan. Sai ya ɗauka adadin makin da zai samu kenan. Ba lallai ba ne.

Kowane tikiti yana ɗauke da harafi ɗaya da ke nuna rukunin farashinsa, irin su Y ko M ko V. Mutum biyu za su zauna kusa da juna, su ci abinci iri ɗaya, amma harafinsu daban. Mai tikitin cikakken farashi ya samu maki na duk nisan tafiyar, mai tikitin rangwame ya samu rabi ko rubu'i, wani ma ya tashi babu ko ɗaya. Harafin yana nan a cikin saƙon imel na tikitinka, kuma kowane shiri yana da jadawali a shafinsa da ke nuna kason da kowane harafi ke samu. Idan ta hannun ejan za ka saya, tambaye shi harafin kafin ka tura kuɗi, ka kuma tabbata ya sa lambar rajistarka a tikitin.

Wasu kamfanonin ma sun daina auna nisa. Delta ya koma auna kuɗin da ka kashe tun 2015, British Airways kuma daga Afrilun 2025 ya mayar da samun matsayi ya dogara da abin da ka biya. Ɗalibin da ke farautar tikiti mafi araha ba shi ake nufi da wannan tsarin ba.

Sai batun ƙarewar wa'adi. Makin Skywards na ƙaramin mamba yana mutuwa bayan shekara uku, a ƙarshen watan haihuwarka. Avios, makin da British Airways ke amfani da shi wanda Qatar ma ya koma kansa a 2022, yana nan muddin ka samu ko ka kashe wani abu cikin wata 36. Ga mai tafiya sau ɗaya a shekara biyu, wannan bambancin ya fi duk wani talla muhimmanci. Kuma ko ka tara abin da ya isa tikitin kyauta, haraji da kuɗin filin jirgi suna nan, da kuɗin gaske za ka biya su.

Ga dabarar da ta fi amfani: ka tara a wuri ɗaya. Manyan kamfanoni sun kasu ƙawance uku. Star Alliance, da aka kafa a 1997, ta haɗa Ethiopian da EgyptAir da Turkish da Lufthansa. Oneworld ta 1999 tana da Qatar da British Airways da Royal Air Maroc. SkyTeam ta 2000 tana da Saudia da Kenya Airways da Air France da KLM. Emirates ba ya cikin ko ɗaya. Idan bana ka hau EgyptAir, baɗi Turkish, wata shekarar Ethiopian, lambar rajista ɗaya ta ishe ka, ba sai ka buɗe asusu uku da kowanne ke ɗauke da ɗan abin da ba zai sayi komai ba. Ga wanda ke tashi daga Kano, inda Ethiopian da EgyptAir suka daɗe suna sauka, Star Alliance ce ta fi dacewa a ganina. Qatar ya fara zuwa Kano a Maris 2022, wanda ya buɗe wa masu son Avios ƙofa.

Akwai mutum ɗaya da riƙo da kamfani ke biya da gaske: mai tafiya sau da yawa a shekara da har ya kai matsayin Gold. A Star Alliance wannan matsayin yana ba da ƙarin kaya, shiga falon hutawa a filin jirgi, da layi na musamman, a duk kamfanonin ƙawancen. Ga mai sari, ƙarin jaka ɗaya a kowace tafiya kuɗi ne a hannu. Idan ba ka cikin wannan sahun, bar maganar matsayi.

Kuma ka tuna kamfani yana iya tafiya ya bar ka da makinka. A ƙarshen 2022 Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba 2024. Kusan shekara biyu masu Skywards na gida suna kallon lamba a waya, agogon wa'adi yana tafiya.

Abin da za ka ji a jikinka

Skytrax ta zaɓi Qatar Airways a matsayin gwarzon kamfanin duniya a 2025, karo na tara, kuma Ethiopian ya daɗe yana ɗaukar na Afirka. To amma hotunan tallan duk na kujerun gaba ne. A kujerun gama-gari, samfurin jirgin ya fi sunan kamfanin tasiri. Boeing 777 na yawancin kamfanoni yana jera mutum goma a layi, uku, huɗu, uku. A350 yawanci tara ne, kuma za ka ji bambancin a kafaɗarka. A350 da Boeing 787 suna riƙe iskar ciki kamar kana tudu mai tsayin ƙafa 6,000, tsofaffin jirage kuwa wajen 8,000, shi ya sa ake saukowa daga sababbin da ƙarancin ciwon kai da bushewar maƙogwaro. Sa lambar jirginka a Flightradar24, za ka ga samfurin da aka yi amfani da shi a kwanakin baya. Kamfani yana iya canzawa a ranar, amma dai ka san inda aka dosa.

Intanet shi ne fagen da ake gwabzawa yanzu. A Oktoban 2024 Qatar ya tashi Boeing 777 ɗinsa na farko mai Starlink, kyauta ga kowane fasinja. Tsofaffin tsare-tsare suna dogara da taurarin ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 36,000, na Starlink kuwa suna wajen kilomita 550, shi ya sa saƙo ke zuwa ya dawo da sauri har a iya kallon bidiyo. Ba kowane jirgin kamfanin ke da shi ba, sai ka duba. Wasu kamfanonin sun mayar da Wi-Fi ƙugiya: Delta ya fara ba da shi kyauta a 2023 amma ga mambobin SkyMiles, Emirates da Turkish ma suna buɗe wa mambobinsu damar tura saƙonni irin na WhatsApp. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin rajista kafin ka hau, ko da ba za ka taɓa kashe maki ɗaya ba. Ka dai san cinikin: suna ba ka data, kana ba su bayananka.

Caji kuma sai an yi hattara. Fawa-bank ba ya shiga jakar da ake sawa a cikin jirgi ta ƙasa, a hannu ake riƙe shi, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da izini ba ita ce 100Wh. Lissafin mai sauƙi ne: mai 20,000mAh yana kai wa 74Wh, ya wuce, mai 30,000mAh yana kai wa 111Wh, ana iya tsayar da kai. Irin manyan nan da muke saya saboda matsalar wuta su ne ke jawo magana. Daga 1 ga Oktoba 2025 Emirates ya hana amfani da fawa-bank a cikin jirgi gaba ɗaya, ɗauka kawai aka yarda. Taho da wayar caji mai tsohon kan USB, don ramin da ke jikin kujeru da yawa ba na USB-C ba ne.

Abinci ba matsala ba ne a Qatar da Emirates da Saudia da EgyptAir da Turkish, halal suke dafawa. A kamfanonin Turai da Amurka, shiga manhaja ka zaɓi abincin da ke da lambar MOML, aƙalla kwana biyu kafin tashi don kada ka makara.

Yada zango shi ne inda tikiti mai araha ke rama kuɗinsa. Awa goma sha ɗaya a kan benci ba wasa ba ne. Ethiopian yana ba da otal ga wanda jiransa a Adis ya kai tsakanin awa 8 zuwa 24, Turkish yana da otal ko yawon buɗe ido kyauta a Istanbul, Emirates yana da irin nasa a Dubai. Duka da sharuɗɗa, mafi yawa shi ne ya zama babu wani jirgin da ya fi kusa da za ka iya hawa. Karanta su kafin ka biya. Sannan ka tabbata duk tafiyar tana kan tikiti ɗaya. Idan ka yanka biyu daban don rage kuɗi, jirgin farko ya makara, na biyun ba ruwansa da kai.

Ranar da abu ya ɓaci

A nan ake gane kamfani. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyya har yuro 600 idan doguwar tafiya ta yi jinkiri sosai kuma laifin kamfanin ne. Tana aiki a kan duk jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar, amma idan shiga za ka yi, sai in kamfanin na Turai ne. Wato Abuja zuwa Paris a Air France tana ƙarƙashin dokar, irin wannan tafiyar ta Doha ko Adis ba ta ciki. Wannan wata hidima ce da ba a sa ta a talla.

Idan jakarka ba ta fito ba, kada ka bar filin jirgi sai ka cike takardar rahoto ka karɓi lambarta. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba ka kwana 7 ka kai ƙorafin kayan da suka lalace, da kwana 21 na waɗanda suka yi jinkiri. Ɗauki hoton jakar da na ɗan tikitin da aka manna maka. Masu iPhone da suka jefa AirTag a ciki suna iya tura wa kamfanin mahaɗin da ke nuna inda take, tsarin da Apple ya ƙara a iOS 18.2.

Sai takardar shiga jirgi, wadda muke son ɗorawa a sitatus. Zanen layukan da ake haskawa a jikinta yana ɗauke da sunanka, lambar tikitinka mai haruffa shida, da lambar asusun makinka, kuma manhajar karanta lamba ta kyauta tana iya buɗe shi. A shafukan kamfanoni da yawa, sunan ƙarshe da waɗannan haruffa shida sun isa a shiga tafiyarka a canza kujera ko a ga bayananka. A 2020 tsohon firaministan Ostareliya Tony Abbott ya ɗora hoton tasa a Instagram, wani mai binciken tsaron intanet ya bi ta nan ya kai ga lambar fasfonsa da ta wayarsa. Idan dole sai ka nuna wa abokai ka tashi, ɗauki hoton fiffiken jirgin. Asusun makin kuma ka ba shi kalmar sirrin da ba ka amfani da ita a ko'ina, ka kunna tantancewa mai mataki biyu idan manhajar tana da ita, don ɓarayin intanet suna kwashe maki su yanki tikiti da shi, kuma mai shiga asusunsa sau ɗaya a shekara shi ne na ƙarshe da zai lura.