Renon Irin Ƙatuwar Kabewa da Wuri Domin Gasar Nauyi

Gabatarwa

Kabewa ba baƙuwa ba ce gare ka, malam manomi. Kana shuka ta a bayan gida ko a gefen gonar dawa, ta yi yaɗo, ta ba ka abin miyar taushe. Amma a Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai akwai manoman da ke noma wata irin kabewa domin gasa kawai, inda ake ɗora ta a kan sikeli, wanda tasa ta fi nauyi shi ne gwani. Wannan bayani zai nuna maka yadda waɗannan manoma suke fara renon irinsu tun sanyi bai wuce ba, da dalilin yin haka, da kuma abin da za ka iya ɗauka daga cikin dabarun nasu.

Asalin irin da girmansa

Irin da ake gasa da shi ana kiransa Atlantic Giant. Wani manomi mai suna Howard Dill, daga garin Windsor a lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada, shi ya yi shekaru yana zaɓen iri har ya samar da shi. Tun daga lokacin nauyin kabewar gasa yake ta ƙaruwa. A 2014 Beni Meier na ƙasar Suwizalan ya kawo mai nauyin kilo 1,054, wadda ita ce ta farko da ta haura tan ɗaya. A 2021 Stefano Cutrupi na Italiya ya kai kilo 1,226. A 2023 Travis Gienger na jihar Minesota a Amurka ya kai kilo 1,247. A 2025 kuma tagwaye Ian da Stuart Paton na Ingila suka kai kilo 1,278. Duk wannan nauyi daga ƙwayar iri guda yake fitowa, cikin ƙasa da wata shida.

Dalilin fara reno da wuri

A waɗannan ƙasashe lokacin noma gajere ne. Sanyi mai daskarar da ruwa kan kai har cikin watan Mayu, ya kuma dawo a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Kabewa ba ta jure irin wannan sanyi, dare guda ya isa ya kashe ta. Ita kuwa gasar ana yin ta ne daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba.

Saboda haka manomin kan yi lissafinsa ne daga baya zuwa gaba. 'Ya'yan kabewar na bukatar kwana 90 zuwa 110 suna girma bayan barbarar fure. Ke nan dole a yi barbara a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Kafin nan kuma shukar na bukatar kimanin wata biyu ta yi yaɗo da ganye isasshe wanda zai iya ciyar da ƙatuwar kabewa. Idan ka haɗa waɗannan kwanaki za ka ga cewa dole iri ya tsira tsakanin tsakiyar Afrilu da ƙarshensa, lokacin da ƙasar waje ba ta yi ɗumi ba tukuna. Wannan ne ya sa ake fara renon a cikin ɗaki.

Sai dai ka lura da abu guda. Manufar reno da wuri ita ce shukar ta yi ta girma ba tsayawa tun daga ranar da ta tsira har ranar awo. Wanda ya yi gaggawa ya shuka makonni da yawa kafin fili ya shirya, shukarsa za ta daɗe a tukunya, saiwarta ta nannaɗe, ta tsumbure. Sau da yawa wadda aka shuka bayanta da mako biyu takan wuce ta.

Shirya iri

Ƙwayar wannan iri babba ce, ɓawonta kuma na da kauri. Domin ruwa ya shiga da sauri, kunnuwan tsiro kuma su fita ba wahala, ana bin waɗannan matakai:

1. Zaɓi iri cikakke, wanda bai fashe ba, kuma aka san uwar da ya fito daga gare ta. Masu gasa kan rubuta nauyin uwar da sunan manomin da shekara a jikin kowane ƙunshin iri.

2. Goge gefen ƙwayar a hankali da ƙaramin magagari har ɓawon ya yi laushi. Kada ka taɓa bakin mai tsini, domin daga nan saiwa take fitowa.

3. Jiƙa irin a ruwa mai ɗumi na 'yan sa'o'i kaɗan. Kada ya kwana biyu a ruwa, zai ruɓe.

4. Shuka fiye da adadin da kake bukata. Idan gindi ɗaya kake so, reni biyu ko uku, domin ka zaɓi mafi ƙarfi, sauran su zama na ko-ta-kwana.

Tukunyar reno da ƙasa

Saiwar kabewa na da saurin tafiya ƙwarai. Cikin kwana huɗu ko biyar da tsira takan kai ƙasan ƙaramar tukunya. Don haka ana amfani da tukunya mai ɗaukar kimanin lita huɗu, mai huda a ƙasa domin ruwa ya tsiyaye. Wasu manoma kan tsaga tukunyar gida biyu tun farko su ɗaure ta, domin ranar dashe su buɗe ta kawai ba tare da sun girgiza saiwa ba.

A cika tukunyar da ƙasa mai sauƙi, mai tsabta, wadda ba ta riƙe ruwa da yawa. A sa ƙwaya guda, bakin mai tsini yana kallon ƙasa, a zurfin santimita 2 zuwa 3. Ƙasar ta kasance da danshi kawai. Idan ka matse ta a hannu ruwa ya ɗiga, to ruwan ya yi yawa. Yawan ruwa tare da sanyi shi ne babban abin da ke ruɓar da iri, shi ne kuma ke jawo cutar da ke cin gindin tsiro har ya faɗi.

Ɗumi da haske

Iri ya fi tsira da kyau idan ɗumin ƙasar ya kai digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas. Manoman gasa kan ɗora tukwanen a kan shimfiɗar lantarki mai ba da ɗumi, ko su sa su cikin akwati tare da ƙwan fitila. A irin wannan ɗumi tsiro kan fito cikin kwana 3 zuwa 7. Idan ɓawon ya maƙale a kan kunnuwan, a jiƙa shi da ruwa kaɗan sannan a zare shi a hankali.

Da zarar tsiro ya fito sai a rage ɗumi a ba shi haske mai ƙarfi, ko a bakin taga mai rana ko a ƙarƙashin fitilar reno. Tsiron da bai sami haske ba yakan miƙe siriri, kararsa ba ƙwari, iska kaɗan ta karya shi.

Dashe

Lokacin dashe shi ne sa'ad da ganyen ainihi na farko ya bayyana a tsakanin kunnuwa biyun nan, wato kimanin kwana 7 zuwa 14 bayan tsira. Kafin ranar, a riƙa fitar da tukunyar waje na 'yan sa'o'i kowace rana domin shukar ta saba da rana da iska.

Ga wata alama da ya kamata ka sani. Babban yaɗon kabewa yakan nufi ɓangaren da ke kishiyar ganyen ainihi na farko. Saboda haka idan kana son yaɗon ya nufi gabas, sai ka dasa ta ganyen farko yana kallon yamma. Wannan na da muhimmanci domin gindi ɗaya kan ci fili mai faɗin murabba'in mita 60 zuwa 90, kuma juya yaɗo bayan ya kwanta na iya tsaga shi.

Ana shirya filin tun kakar da ta gabata da takin gargajiya ruɓaɓɓe mai yawa. Kimanin mako ɗaya ko biyu kafin dashe akan kafa ƙaramar rumfar leda a kan gurbin domin rana ta ɗumama ƙasa. Wasu har wayar lantarki mai ɗumi suke binnewa. Shukar kan zauna a cikin rumfar makonni huɗu zuwa shida. Da rana a buɗe gefenta, domin zafin cikin rumfar da aka rufe na iya ƙona shuka cikin sa'a guda. Da yamma a rufe, idan daren zai yi sanyi a ƙara bargo.

Idan an yi haka daidai, yaɗon zai kai mita 3 zuwa 4 a kan lokaci, a yi wa furen mace barbara da hannu da sassafe, a bar ɗa guda kawai a gindin. A lokacin da girmansa ya kai ƙoli, ɗan na iya ƙara kilo 15 zuwa 20 a kwana ɗaya.

Abin da ya shafe ka

Mu a nan ba mu fama da sanyi mai daskarar da ruwa. Matsalarmu ita ce gajeriyar damina da tsananin zafi. Shi wannan iri an samar da shi ne a ƙasa mai sanyi, kuma idan zafi ya wuce digiri 32 furensa da ƙananan 'ya'yansa kan zube. Don haka kada ka sa ran samun nauyin da suke samu, kada kuma ka kashe kuɗin gonarka wajen neman irinsa. Dabarun renon ne ke da amfani gare ka, ko a kan kabewarka ta gida, ko kankana, ko kokwamba.

Na farko, yi lissafi daga ranar da kake son girbi, ko ranar kasuwa ce ko ranar nunin amfanin gona, ka dawo baya zuwa ranar shuka. Na biyu, idan za ka riga damina, reni irinka a baƙar ledar reno a ƙarƙashin inuwa mara duhu, kwana 10 zuwa 14 kafin lokacin da ruwa ya saba zama a yankinka. Idan ka riga haka da yawa, ruwa kuma ya yi jinkiri, shukar za ta tsufa a leda. Na uku, dangin kabewa ba sa son a taɓa saiwarsu. Kada ka rene su a gado ka tumɓuke kamar tumatir ko barkono. Tsaga ledar za ka yi, ka sa shukar da ƙasarta gaba ɗaya, da yamma, ka ba ta ruwa nan take. Na huɗu, idan noman rani kake yi a fadama cikin Disamba ko Janairu, sanyin hunturu na jinkirta tsira, sai ka ajiye ledojin a wurin da rana ke bugawa, ka rufe su da dare.

Kammalawa

Manomin gasa kan yi wata shida yana hidima da gindi guda, amma makonni uku na farko ne ke nuna ko hidimar za ta biya. Kai ma ka kula da iri mai kyau, da ɗumin da ya dace, da ruwa daidai gwargwado, da dashe a kan kari. Ka riƙa rubuta ranar shuka da ranar tsira da ranar dashe a littafi, domin baɗi ka san inda za ka gyara. Domin ƙarin bayani a kan lokacin shuka a yankinka, tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai.