Kirista da Takobi: Waɗanda Lamirinsu Ya Hana Su Yaƙi

Karatu: Matiyu 26:47-56, Romawa 14:1-12

Yau za mu yi tunani a kan masu bi waɗanda suka ƙi ɗaukar makami don lamirinsu bai yarda su kashe mutum ba.

A shekara ta 295, a garin Tebesa na ƙasar Aljeriya ta yanzu, aka kawo wani saurayi mai suna Maksimiliyan gaban gwamnan Romawa don a sa shi soja. Shekarunsa 21. Ya ce shi Kirista ne, ba zai iya ba. Gwamna ya tuna masa cewa akwai Kiristoci cikin dakarun sarki. Saurayin bai zage su ba. Ya ce su sun san abin da ya dace da su, amma shi lamirinsa ya hana shi. Aka sare kansa.

A Yaƙin Duniya na Biyu kuma, Desmond Doss na Amurka ya shiga soja amma ya ƙi riƙe bindiga, ya zama mai jinyar waɗanda suka ji rauni. A Okinawa, a 1945, ya kuɓutar da mutane wajen 75 daga bakin mutuwa. Ashe ƙin kisa ba tsoro ba ne.

Daga ina suka samo wannan? Daga daren da aka kama Yesu, sa'ad da ya umarci Bitrus ya mai da takobinsa kube. Sun ga da wuya mutum ya ci Jibin Ubangiji ran Lahadi, ya yi wa maƙiyinsa addu'a, gari ya waye ya auna shi da bindiga. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fara a Garkida a 1923, ta fito ne daga masu wannan koyarwa. Ta kuma riƙe ta har a 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi.

Amma mu faɗi gaskiya, ba dukan masu bi suka tsaya nan ba. Yahaya Maibaftisma bai ce wa sojoji su bar aiki ba, ya hana su zalunci ne. Karniliyas jarumin soja ne, aka kuwa yi masa baftisma. Romawa 13 ta nuna hukuma tana riƙe da takobi don hukunta mugu. Saboda haka kada ɗan'uwa ya hukunta ɗan'uwa.

A Nijeriya ba a tilasta wa kowa shiga soja. Gwajinmu yakan zo ne ranar da aka kai wa ƙauye hari, samari suka ce a fita ramuwa. Ɗan'uwa, ran nan wa za ka saurara?

Mu yi addu'a: Ya Ubangiji, ka tsare sojojinmu daga zalunci, ka tsare mu daga ramuwa, ka ba mu lamiri mai tsabta. Amin.