Sojan da aka ba ragamar agajin Ghana

Duk wanda ya tashi a Nima ko Maamobi ya san babbar kwatar da ta ratsa tsakanin unguwannin biyu. Da rani bola ce ke cika ta, robobin ruwan leda da tarkacen kasuwa. Idan damina ta kankama a watan Mayu da Yuni, sai ta tumbatsa ta kwashi abin da ta samu ta nufi kogin Odaw, daga nan zuwa tafkin Korle. Hukumar da ake kira idan ruwa ya shiga ɗakuna ita ce NADMO, wadda aka kafa da doka mai lamba 517 a 1996, ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Kofi Portuphy ya daɗe yana riƙe da ita. A 2015 aka miƙa ta ga wani soja, Birgediya Janar Francis Vib-Sanziri, kuma shi nake son mutanen Zango su sani.

Kafin ya zo wannan kujera, ya ga bala'i iri-iri. Ya yi aiki da rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Labanan, ya shiga Laberiya da dakarun ECOMOG a 1990, ya je Saliyo. Ya kuma yi aiki a Ruwanda a shekarun 1993 da 1994, inda sojojin Ghana suka yi abin da har gobe ake yaba musu: lokacin da ake yanka mutane, wasu ƙasashe suka janye yaransu, su kuwa suka tsaya suna gadin waɗanda suka fake a hannunsu. Daga baya ya yi shekaru a hedikwatar Majalisar a New York yana tsara yadda ake tura dakarun kiyaye zaman lafiya. Wanda ya yi irin wannan aiki ya san cewa ceton rai lissafi ne. Mota nawa ke akwai, man da zai kai su ina yake, wace hanya ce ba ta yanke ba, wa zai ba da umarni idan 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da sojoji suka haɗu wuri guda.

Shekarar da ya karɓi aikin ita ce shekarar da Akra ba za ta manta ba. Daren 3 ga Yuni, 2015, ruwa ya yi ta zuba har unguwar Circle ta koma tafki. Mutanen da suka taso daga aiki, da fasinjojin motocin haya na trotro, suka fake a wani gidan mai. Fetur ya malala a kan ruwa, wuta ta kama, mutum fiye da 150 suka rasu. Shugaba John Mahama ya ayyana zaman makoki na kwana uku. Makonni kaɗan bayan haka hukumar birni ta rushe gidaje a Old Fadama, bakin Odaw, wai don a buɗe wa ruwa hanya, kuma yawancin waɗanda suka kwana a fili 'yan Arewa ne, har da 'yan mata masu dako a kasuwa. Wannan ya daɗe yana ci mini rai. Talakan da ruwa ya fara cinyewa, shi ne kuma katafila ta fara bi ta kansa.

Abin da na fi ba zamanin Vib-Sanziri daraja a kai bai da kyan hoto a talabijin. A 2016 majalisar dokoki ta zartar da sabuwar doka mai lamba 927, ta maye gurbin tsohuwar. Dokar ta tanadi asusun kula da bala'o'i, ta kuma ƙara nauyi a kan rigakafi da shiri tun kafin abu ya faru. Mu a Zango mun saba ganin NADMO bayan an gama ɓarna: a zo da katifu da shinkafa da gidan sauro da bokitai, a rubuta sunaye, a raba, wasu su samu wasu su koma hannu rabbana. Ba na raina katifa, wanda ya kwana a kan siminti mai laima ya san darajarta. Amma a daren ambaliya, kafin wata mota ta iso lungunanmu da ko keke da ƙyar yake wucewa, samarin unguwa ne ke ɗauko tsofaffi a baya, masallatai ne ke buɗe ƙofa. Shugaban agajin da ya san aikinsa, waɗannan samari zai horar tun watan Maris, ya zauna da sarakunan Zango da limamai a kan yashe kwata, domin maganar da liman ya yi a huɗubar Juma'a ta fi sanarwar rediyo shiga kunne a nan.

Bai daɗe a kujerar ba. A 2017, bayan sauyin gwamnati, ya koma hedikwatar soja, aka naɗa Eric Nana Agyemang-Prempeh a madadinsa. Wannan ma ciwo ne na hukumar, shugabancinta yana bin zaɓe, alhali damina ba ta san jam'iyya ba. A watan Oktoban 2017, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres ya naɗa Vib-Sanziri kwamandan rundunar UNDOF, wadda tun 1974 take tsakanin Isra'ila da Siriya a tuddan Golan. Yana kan wannan aiki, da muƙamin Manjo Janar, ya rasu a watan Afrilun 2019.